Tsakanin Magarya da Kurna

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Goggo dai ta riga mu ne.

Ranar addu'ar uku, rumfar da muka kafa a ƙofar gidanmu na unguwar Zogbeli a Tamale ta kasa ɗaukar jama'a, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin kwata. Ni ina ciki tare da mata ina karɓar gaisuwa, kuma kusan duk wadda ta durƙusa gabana magana ɗaya take yi. "Ita ta wanke mahaifiyata." "Ita ta wanke yayata." Wata tsohuwa 'yar Dagomba mai sayar da gawayi ta riƙe hannuna ta ƙi saki, tana faɗa da Hausarta ta kasuwa: "Mamanki ya wanke yarona mace. Bai karɓi komai ba, bai faɗa ma kowa komai ba." Ita ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

A waje kuwa, wajen maza, sai a ji dariya ta taso an danne ta. Ƙanena ya ce min tambayoyin Goggo ake tunawa. Mahauci ya ba da labarin ranar da ta tsare shi a kasuwa, wai sai ya nuna mata inda ciyawa take komawa nono a cikin saniya. Mai gyaran babur ya ce shi har yau bai ba ta amsa ba, ta tambaye shi me ya sa babur ba ya faɗuwa in yana gudu, sai ya tsaya.

Amma akwai wata magana da ta shiga kunnena ta ƙi fita. Wata mata, ba zan faɗi ko wace ce ba, ta san kanta, ta karkata wajen ta kusa da ita ta ce, "Allah ya jiƙanta, amma ai littafin Turawan nan ya rikita ta a ƙarshe." Wallahi da ba zaman makoki muke ba, da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Na haɗiye. Abin da na haɗiye ɗin nake rubutawa yanzu, don kada 'ya'yanmu su tashi su ji labarin Goggo daga bakin irin waɗannan.

Goggo yayar babana ce. 'Ya ɗaya Allah ya ba ta, ita ma ta rasu wajen haihuwar fari, ita da abin da ke cikinta. Bayan haka ne, ana yaye ni, babana ya kai ni riƙo wurinta. A ɗakinta na girma, daga ɗakinta aka kai ni gidan miji, da auren ya mutu ɗakinta na dawo. Kakanninmu fatake ne daga ƙasar Hausa, cinikin goro ya kawo su suka zauna. Ita Goggo a Tamale aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Duk abin da ta sani game da can, daga bakin kakarta ta ji shi.

Ba ta yi boko ba, karatun allonta ma bai yi nisa ba. Amma tambaya! In na kai ta asibiti sai ta tambayi nas me ya sa a hannu ake awon jini ba a ƙafa ba. In an zo gyaran famfo, tana tsugune kusa da mai gyaran da asawaki a bakinta, har sai ya ɗaga kai ya ce, "Mma, ki ɗan matsa." Nakan ce, "Haba Goggo, a bar mutum ya yi aikinsa mana." Sai ta ce, "Matambayi ba ya ɓata." Ta ci gaba da leƙenta.

Wannan matar mai son jin komai ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu, kuma game da wannan aikin ko da tsinke ba ka buɗe bakinta. Akwai wata amarya da ta rasu, gari ya ɗauka wai mijinta ne ya dake ta. Ina budurwa lokacin, da Goggo ta dawo na ce, "Goggo, da gaske akwai tabo a jikinta?" Ta watsa min wani irin kallo. Ta ce, "Mai wanka makauniya ce, kurma ce, bebiya ce. Tashi ki ɗora min ruwa." Ban sake tambaya ba.

A bayan gidanmu akwai itacen magarya, kakarta ce ta rene shi. Goggo takan tsinko ganyen, ta shanya a inuwa, ta daka, ta tankaɗe, ta zuba garin a gwangwanin madara. In aka yi sallama aka ce an yi rasuwa, sai ta ɗauki gwangwanin da kafur da tsumma mai tsabta, ta biya ta gidan ƙawarta, wadda muke kira Iya. Tare suka tashi tun suna tallar ƙosai, tare suke wannan aiki, ɗaya na wankewa ɗaya na zuba ruwa. A hanya suna tafe suna gardama, a kan farashin gero ko a kan wadda ta girmi wata, amma da sun isa ƙofar ɗakin mamaciya sai tsit. Ranar da 'yar Goggo ta rasu, Iya ce ta wanke ta. Goggo ta zauna a tsakar gida ta daka ganyen da kanta.

To, littafin. Ƙanena malamin aikin gona ne a wata sakandare, yana zaune da iyalinsa a Jisonayili, duk Juma'a in an sauko masallaci yakan biyo ya gaishe ta. Wata Juma'ar ya zo da wani ƙaton littafi a jakarsa. Ya ce tsohon littafi ne a kan itatuwa da tsirran ƙasashen nan namu na arewa. Wani Bajamushe ne ya rubuta shi da yarensu tun zamanin da, ya bi gari gari yana tambayar mutane sunayen itatuwa da amfaninsu, yana zanawa. Shekara da shekaru ba mai iya karanta shi a nan, sai yanzu aka mayar da shi Turanci. Ya ce, "Goggo, har da sunayen Hausa a ciki." Shi ke nan, ai bai koma gida da littafinsa ba.

Ni aka ɗora wa karatun, tunda ni ce malamar firamare. Duk yamma bayan la'asar sai ta sa in ɗauko shi, ina karantawa ina mayar mata da Hausa, tana katse ni.

"Wa ya gaya masa wannan?"

"Bai faɗa ba, Goggo."

"Da wane baki ya tambaye su? Ya ji Hausa ne? Tuwo fa, ya ci?"

"Goggo, littafin itatuwa ne, ba labarin cikinsa ba."

"To ai mutum ba ya yawon daji da yunwa. Ci gaba."

Kuka, ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, waɗannan duk ta san su, sai ta kara zanen kusa da idonta ta ƙirga yatsun ganyen, ta gyaɗa kai ta ce, "Ya yi ƙoƙari." Inda abin ya fi yi mata daɗi shi ne itatuwan da sunansu kawai ta gada. Da muka zo kan goriba sai da ta tafa hannu. "Ashe gaskiya ne! Kakata ta ce akwai mai kama da dabino amma yana yin reshe, ni na ɗauka tatsuniya take min." Ta daɗe tana kallon aduwa, ta ce ta zaci ta fi haka kyau.

Ranar da muka kai kan magarya, tun ban karanta ba ta ɗora yatsa ta ce, "Ga tawa." Na juya shafi, ga wata mai kama da ita kamar 'yan uwa. Na karanta sunan: kurna.

"Kurna! Akwai ta a ƙofar gidan su kakata, ta ce yara har faɗa suke yi a kan 'ya'yanta. Karanta, karanta."

Na ci gaba. Marubucin ya ce wannan itacen ne Larabawa suke kira sidir, kuma da ganyensa suke wanke mamatansu. Bakina ya riga ya fassara kafin hankalina ya kai ga abin da na faɗa.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya san an umarce mu da wanke mamaci da ruwa da sidir, kuma malamanmu kaf, in sun zo kan kalmar, magarya suke cewa. Ba a taɓa ce mana akwai wani itacen a maganar ba.

Goggo ta zare asawakin daga bakinta. "Sake karantawa."

Na sake.

"A shafin magarya fa, ya ce ita ma sidir ce?"

Na koma na duba. "Bai ce ba."

Ta ajiye asawakin. Can ta ce, "To in gaskiya ya faɗa, duk matan nan da me na wanke su?" Ta kalli bayan gida inda itacen yake. "Da me aka wanke 'yata?"

Na tsorata, wallahi. A raina na riƙa zagin ƙanena da littafinsa da Bajamushensa. Na ce yanzu tsohuwa za ta kwanta ciwo a kan shafi ɗaya. Amma da na dube ta da kyau sai na ga idon nan nata yana ƙyalli, irin yadda yake yi in ta hango mai gyaran famfo. Tsoron yana nan, na gan shi. Son sani ne dai ya fi shi ƙarfi.

Washegari ta sa na raka ta wurin limamin unguwa, mutum mai haƙuri, sa'an ƙanenta ne. Ya saurare ta har ta gama. Ya ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki. Wanka da ruwa ne, ganye don tsabta ne da bin sunna. Ko babu ganye sam wanka ya yi. Kuma itatuwan nan dangi ɗaya ne, malamai ba su tsananta a kai ba. Allah niyya yake dubawa."

"Na ji, Malam, na kuma gode. Amma wanne ne?"

"Na ce miki duka ya halatta."

"Ban ce bai halatta ba. In na aiki yarinya ta sayo min gero ta kawo dawa, ai za a ci tuwo, ba wanda zai kwana da yunwa. Amma gero na aike ta. Ni so nake in san me aka aike ni."

Liman ya shafa gemu ya yi murmushi ya ce, "Allah ne mafi sani." Muna fitowa ta matso kusa da ni ta ce, "Bai sani ba." Na ce ta yi wa Allah ta rage murya.

Daga nan ta bi gidajen waɗanda suka je Makka. Wata Hajiya ta ba ta ɗan garin sidir da ta sayo can, a ƙulle a leda. Goggo ta shinshina, ta lasa, ta murza a tafin hannu, ta kwatanta da nata. Kore ne, nata ma kore. Ɗaci-ɗaci, nata ma haka. Ta ce, "Gari ba ya faɗin uwarsa. Sai na ga itacen da idona." Ƙanena ya nuna mata hotuna a waya, ta ture. Ta ce waya yau ta ce wannan gobe ta ce wancan, kuma ba a shinshina ta.

Matsalar ita ce ba wanda ya san inda kurna take a Tamale. Masu sayar da saiwoyi a kasuwa suka ce sai can arewa sosai. Bafillatanar da ke kawo mana nono daga wajen Gumani ce ta warware. Ta sauke ƙwaryarta, Goggo ta buɗe mata shafin, matar ta dube shi a karkace ta ce, "Wannan ai kurnahi ne. Akwai guda ɗaya can bayan rugarmu, inda masu koro shanu daga arewa suke yada zango a da. Ko wani ne ya ci ya tofar da ƙwallon."

Ranar Asabar na goya Goggo a babur ɗina. Ta zauna a karkace, hannu ɗaya a ƙuguna, ɗaya rungume da littafin a cikin zane kamar jariri. Muka wuce Gumani, kwalta ta ƙare, gidaje suka ƙare, muka shiga gonakin masara. Duk hanyar nan ba ta rufe baki ba, tana ihu a kunnena wai me ya sa sababbin gidaje duk suke da katanga mai tsawo, me suke ɓoyewa. Mai nono tana jiranmu a bakin ruga, ta shige gaba muka bi ta a ƙafa.

Ga itacen nan, babba, ya fi magaryarmu nesa ba kusa ba, shanu sun kwanta a inuwarsa. Goggo ta tsaya ta yi masa sallama. Da gaske nake, sallama ta yi masa. Ta zagaye shi, ta shafa ɓawon, ƙaya ta soke ta ta tsotse yatsan ba tare da ta ko duba ba. Ta tsinko ganye, ta ciro na magarya daga bakin zanenta, ta jera su a tafin hannu.

"Zo ki gani. Tawa bayanta fari ne, da gashi-gashi kamar kan tsohuwa. Wannan gaba da baya kore ne, sumul." Ta buɗe littafin a kan gwiwarta, ta duba zanen, ta duba ganyen. "Bawan Allahn nan ya tsaya a gindin irin wannan ya kalla da kyau. Ba da ka ya zana ba." Ta tsinci ɗan kurna a ƙasa ta goge ta sa a baki. Ta tauna a hankali, sai na ga hawaye. Ta ce, "Abin da kakata ta ci tana yarinya kenan." Mai nono ta kawar da kai ta shiga korar maraƙi.

A gida ta daka kowanne daban, ta zuba a ƙwarya biyu ta kaɗa da ruwa. Duka suka yi kumfa. Ta wanke hannun dama da ɗaya, na hagu da ɗaya, ta miƙo min wai in faɗi wanda ya fi fita. Na ce ni ban ga bambanci ba. Na ƙara da cewa, "Goggo, tunda abin ya dame ki, ki riƙa haɗa su mana ki huta." Ta dube ni kamar yau ta fara ganina ta ce, "Ashe makarantar nan ba a banza kika je ba." Da na san abin da shawarata za ta jawo, da na kama bakina.

Rasuwar da aka yi bayan wannan, Goggo ta tafi da gwangwani biyu. Ni na bi su, ita da Iya, da botikin ruwan ɗumi zuwa ƙofar gidan, don haka da kunnena na ji abin da ya biyo baya. Iya ba ta ce komai a cikin ɗakin ba, ba a magana a can. Sai da suka fito suka kama hanya.

"Mene ne a gwangwani na biyun nan?"

"Kurna ce, ƙawa. Na haɗa ne, in wannan bai dace ba wancan ya dace."

Iya ta tsaya cak. "Wato uwata da kika wanke, da rabin wanka ta tafi? 'Yarki da na wanke da hannun nan, ita ma haka?"

"Ban ce ba. Cewa na yi ban sani ba."

"To ni na sani! Baturen da bai taɓa alwala ba, shi zai koya min wankan gawa?"

"Ba wanka ya koya min ba, itace ya nuna min."

"Ke dai tun muna yara haka kike, ko ruwa aka ba ki sai kin tambayi sunan rijiyar. Wannan ba wurin tambaya ba ne. Mutanen nan sun tafi, ki bar su su kwanta." Ta gyara mayafinta. "In kurna za ta shiga ruwa, ni ba zan shiga ɗaki ba."

Haka kuwa aka yi. Daga ranar, in an yi rasuwa sai a kira ɗaya daga cikinsu, kowacce ta nemi mai zuba mata ruwa. Ba su yi gaba ba, tsofaffi ne masu tsoron Allah, in sun haɗu a gidan suna sukan gaisa, "Ina kwana," "Lafiya lau," kowacce ta kama gabanta. Amma gardamar gero ta mutu. Ni ma Iya ta daina amsa min gaisuwa da sakin fuska, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ni ce na karanta shafin. Na yi fushi da ita lokacin, na ce taurin kai ne kawai. Goggo ta ce, "Ba taurin kai ba ne. Tsoro take ji, irin nawa. Ita rufe ido take yi, ni buɗewa."

Mutanen unguwa suka rabu, wasu suka ce Goggo ta kawo bidi'a, wasu suka ce a zuba musu duka biyun. Ita kuwa ba ta daina bincike ba. Duk baƙon malamin da ya sauka a gari sai ta aika ƙanena ya tambaye shi. Wani ya ce magarya, wani ya ce kurna, wani ya ce sunan na dangin ne gaba ɗaya. Kowace amsa sai ta juya ta a baki kamar goro, ta ce, "To shi kuma wa ya gaya masa?"

Da ƙafafunta suka fara kumburi, likita ya ce zuciya ce. Ta daina fita. Wata safiya, bayan ta sha koko kaɗan ta ture kofin, ta ce in zauna.

"In na tafi, magarya zalla. Kada ki sa min kurna ko ƙanƙani."

Na ce, "Goggo, bayan duk wahalar nan? Kin gano ita ce daidai?"

"Ban gano ba. In kin bi ta raina ma, na fi zaton Bajamushen nan ne da gaskiya."

"To me ya sa?"

"Kakata, uwata, 'yata, matan unguwar nan da ba su ƙirguwa, duk da magarya suka tafi, da garin da hannuna ya daka. In daidai ne, alhamdu lillahi. In kuskure ne, ni na yi shi. Ba zan sa su a ciki ni in tsame kaina ba." Ta huta, tana numfashi da ƙyar. Sai kuma idon nan ya yi ƙyalli. "Kuma can ai akwai waɗanda suka sani. Zan tambaya."

"Goggo, astagfirullah!"

"Me na ce? Laifi ne?" Ta kama hannuna. "Kada ki gaya wa ƙawa wannan maganar muddin ina raye. Sai ta ce ta ci ni."

Da hantsi ta cika, ina riƙe da kanta. Ban kai ga aika kowa ba, kukan matan gida ya riga ya kai labari. Ina tsakar gida na ɗauko gwangwanin magarya, sai ga Iya ta shigo tana dogara sanda, mayafinta a karkace. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta zo gabana ta kwance bakin zanenta, ta ciro ƙullin leda ta dangwara min a hannu. Busasshen ganye ne, na juya ɗaya, gaba da baya sumul.

"Tun da na ji ƙafarta ta kumbura na hau yalo-yalo mai ƙafa uku, mai nonon nan ta kai ni gindin itacen," in ji ta. Ta ɗaga hannunta, ga sawun ƙaya har gwiwar hannu. "Ga abinta nan. Ta ci. Ɗauko turmi."

Na damƙe ƙullin a hannuna. Na ce, "Iya, ta bar wasiyya. Ta ce magarya zalla." Na faɗa mata dalilin, kamar yadda Goggo ta faɗa min, ban rage komai ba.

Iya ta jingine sandarta. Sannan ta sulale ta zauna a kan turmin. "Kin gani ko? Kun dai gani ko?" Ta juya wajen ƙofar ɗakin. "Ke! Ko a mace sai kin saɓa min?" Ta fashe da wani abu, ban san ko dariya ba ne ko kuka, matan gida ma suka rasa wanda za su taya ta. Da ta nutsu ta share fuska da mayafi, ta naɗe hannun riga ta ce, "Kawo magaryar. Ke za ki zuba min ruwa."

Ita ta wanke ta, ni na zuba. Ban taɓa shiga ɗakin wanka ba sai ranar.

Bayan maza sun ɗauki makara, gida ya yi wani irin shiru, na ɗauko ƙullin kurnar na kai wa Iya inda take zaune a gindin bango. Na ce, "Iya, ga kayanki." Ta mayar min da hannuna.

"Ki ajiye wurinki. Ranar tawa da wannan za ki wanke ni, zalla." Na buɗe baki ta daka min tsawa. "Ɗaya ta je da magarya, ɗaya ta je da kurna, ai dole a gaya mana. Ba zan bar ta ta yi tambayar nan ita kaɗai ba."

Ƙullin yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Allah ya gafarta wa Goggo, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da duk waɗanda ta wanke cikin rahamarsa. Ni kuma ya daɗe bai sa na kwance ledar nan ba.